Ƙullin Yaya

Ranar ta fara kamar kowace rana. Gari bai gama wayewa ba Malama ta ji ƙarar bokiti a bayan gida, ta san Yaya ne yake ba dashensa ruwa kafin ya tafi aiki. Ɗanta ne na fari, amma tun da aka haifi ƙanwarsa Auta kowa a gidan ya koma kiransa Yaya, har ita da mahaifinsa. Ya ɗan haura talatin, dogo ne, bahago, ba mai yawan magana ba, kuma yana aiki a tsohon lambun shaƙatawa na tsakiyar birni, a sashen renon itatuwa.

Ta leƙa ta tagar kicin tana jiran ruwa ya tafasa. Yana tsugune a gaban baƙaƙen ledojin da ya jera a gindin katanga, kowace da ɗan mangwaro a ciki, kowane ɗan mangwaro da ɗauri a tsakiyarsa kamar an sa masa bandeji. Akwai guda a gefe da ya girme su, wanda ya fara gwaji da shi. Ta ga ya zaro 'yar wuƙarsa, ya juya dashen, ya ja tsinin wuƙar a bayan ɗaurin, a hankali. Ɗaurin ya buɗe ya faɗo a tafin hannunsa, ƙullin bai warware ba. Da ya shigo shan shayi ya tarar da Auta tana guga, sai ya kama hannunta ya maƙala mata shi a yatsa, ya ce ga zoben da take ta damunsa ya saya mata.

"Allah ya sawwaƙe, zoben ledar burodi," in ji Auta. "Haka za ka yi wa matarka, Yaya?"

Ta cire ta rataye shi a ƙusar da ke jikin taga. Mahaifinsu yana falo da rediyo a cinya, ya ɗaga murya ya tuna masa famfon banɗaki yana ɗiga. Yaya ya ce roba ce ta cinye, zai taho da sabuwa da yamma. Ya fita da kekensa, Malama ta ji ƙarar ƙofa.

Sauran yinin ba ta gani da idonta ba. Daga baya ta tattara shi, tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da irin tambayar da ta saba yi wa ɗalibai, ba gaggawa. Mai gadin lambun ya ce ya iso rana ba ta yi zafi ba, ya taya shi ɗaga ƙyauren da ke jan ƙasa, kamar kullum. Da hantsi ya aske shingen da ya kewaye rumfar makaɗa. Da rana ta take ya ci abinci a inuwar tsohon mangwaron bakin tafki tare da Kawu, dattijon da ke shugabantar wurin reno, wanda kowa a lambun yake kira Kawu ko da ya girme shi. Bayan haka ya tsamo wa wata mata takalmin 'yarta daga tafki da manjagara. Da rana ta karkata mutanen hukuma suka zo duba jan fentin da aka shafa wa mangwaron, alamar za a sare shi, ya roƙe su idan ranar ta zo su karkatar da shi kada ya faɗa kan gadar tafkin. Da yamma ya wanke hannu, ya rataye rigar aikinsa, ya tsaya a shagon kayan famfo. A shataletalen da ke gaban ƙofar arewa ta lambun wata babbar mota ta tsinke birki, ta bi ta kansa. A aljihun wandonsa aka samu robar famfon, a naɗe cikin takarda.

Malama ta san lambun tun kafin ta haife shi. Labarin ƙasa take koyarwa a sakandare, kuma a tsofaffin taswirorin birnin da ta duba tana jami'a wurin ba lambu ba ne. Wani makeken rami ne inda aka haƙi ƙasar da aka buga tubalin tsohon gari. Ruwan sama ya cika ramin ya zama tafki. Wani attajiri ya kewaye gefe guda ya dasa itatuwan marmari, da ya mutu magada suka kasa daidaitawa, hukumar birni ta karɓa ta buɗe wa kowa. Ƙofar arewa da ƙarfen tsohon layin dogo aka ƙera ta, shi ya sa take da nauyi. An gina rumfar makaɗa mai zagaye, inda 'yan badujala suke busa a ƙarshen mako a zamanin iyayenta, an yi gadar katako a inda tafkin ya tsuke, an jera itatuwan maɗaci tun daga ƙofa har bakin ruwa. Akwai wani famfon ado na siminti mai siffar furen bado, wanda Malama ba ta taɓa ganin ruwa ya fito daga cikinsa ba sai a hoto. Shekarar da aka yi babbar ambaliya mutanen unguwannin gangare a rumfar makaɗa suka kwana har ruwa ya janye. An yi wasu shekaru da aka manta da wurin, makanikai suka mamaye kusurwar kudu, ƙasa ta yi baƙi da mai, kafin a sake kewaye shi.

Kusan duk wannan a idon mangwaron bakin tafki aka yi. Shi kaɗai ya rage cikin itatuwan attajirin. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su da zare, kuma ƙamshinsu kan kai har bencinan bakin gada. Mutane sun sha shuka ƙwallonsa a gidajensu, abin da ke fitowa wani mangwaro ne daban, mai tsami da zare. Ba ya haifar irinsa sai ta aure, wato a yanki reshensa a haɗa da gindin wani ɗan mangwaro a ɗaure har su manne.

A kan gadar nan aka ɗauki Malama da maigidanta hoton farko bayan aurensu, shi da hular gidan waya, don a can ya yi aiki har ya yi ritaya. Nan suke kai Yaya yana ƙarami. Sauran yara su ruga wajen lilo, shi kuwa ya tsaya bayan masu ban ruwa yana kallo, ya dawo gida da aljihu cike da ƙwallaye da busassun ganye, ita ta yi ta faɗa ranar wanki. Karatunsa tsaka-tsaki ne. Malaman firamare sun so su mayar da shi rubutu da dama, Malama ta je ta ce a bar mata ɗa da hannun da Allah ya ba shi. Da ya gama sakandare ya ce kwalejin aikin gona yake so, sashen itatuwa, ba wanda ya hana shi. 'Yan'uwa sun ɗan yi ƙananan maganganu, wai ɗan malama guda ya ƙare a tura baro. Mahaifinsa ya ce shi ma buhun wasiƙu ya ɗauka har ya tsufa, bai ga abin da ya rage shi ba.

A lambun hannunsa ya yi suna wajen aure. Abin da ya ɗaura da wuya ya ƙi kamawa, har abokan aiki suka laƙaba masa Waliyyi. Kawu kan ce ga mutumin da ya aurar da rabin itatuwan birni amma ya kasa aurar da kansa. Yaya ya yi murmushi ya ce yana jiran wadda za ta yarda da bayan gida cike da ledoji. Ba ya sayen abin ɗauri. Ledar burodi yake wankewa ya shanya ya yanka siri-siri, har maƙwabta suka saba tara masa. Ƙullin da yake rufe ɗaurin da shi kuwa na gidan waya ne, wanda mahaifinsa ya koya masa yana yaro a kan kwalayen da ake aikawa, sai dai da yake bahago ne nasa a juye yake fitowa. Uban ya yi shekaru yana cewa ƙullin nan a birkice yake, ɗan yana cewa ai bai taɓa kwancewa ba.

Da aka gano kogon da ke cikin tsohon mangwaron ya kai har saiwa, gara ta cinye shi, ga shi ya karkato kan hanyar da yara ke bi, Yaya bai yi gardamar sare shi ba. Ya ce gaskiya ne, zai iya kashe mutum. Sai ya nemi izinin Kawu ya hau ya yanko rassa masu lafiya. Wurin renon lambun ya cika da furannin da za a dasa a bakin titi, babu inuwar da ta rage, shi ya sa ya kawo aikin gida. Abin da ke gindin katanga ke nan, guda ashirin da wani abu.

Bayan an gama karɓar gaisuwa gida ya yi shiru, mahaifin ya sa doka. Bai yi ta da faɗa ba. Ya ce kayan Yaya a bar su yadda ya bar su, kada a ɗaga ko cokali. Ya ja ƙofar ɗakin, ya sa makullin a aljihu. Famfon banɗaki ya ci gaba da ɗiga, robar tana kan rediyo, ba wanda ya isa ya kira mai gyara. Dashen kuwa shi ya karɓi ba su ruwa. Kowace safiya ya fito da bokiti, ya zuba, sannan ya jawo kujera ya zauna a gabansu. Malama takan gan shi ta taga yana bin ƙullin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba aikin ɗalibi.

An sare tsohon mangwaron kafin ruwa ya sauka. Mai gadi ya ce an karkatar da shi kamar yadda Waliyyi ya roƙa, gada ba ta ko girgiza ba.

A bayan gida rassan suka kama. Sabon ganye ya ɓullo ja-ja, mai laushi, ya rataya kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, daga baya ya yi kore. Malama ce ta fara lura da kumburin. Sama da ɗaurin da ƙasansa jikin dashen ya yi ƙiba, tsakiya kuwa ledar ta nutse ta shaƙe shi kamar zobe a yatsan mai ciki. Ta je lambu ta sami Kawu yana cika ledoji da ƙasa, ta kwatanta masa. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce lokacin kwancewa ya yi har ya ɗan gota, in aka ƙara jinkiri ledar za ta yanke su, iska kaɗan ta karya kan. Ya ce in tana so ya zo da kansa ya yi. Ta yi godiya, ta ce ba hannu suka rasa ba.

Ta gaya wa maigidan da yamma yana zaune a gabansu. Ta faɗa masa yadda Kawu ya faɗa, ba ta ƙara ba ta rage ba, ta kuma tuna masa cewa uwar itacen ta tafi, babu inda za a sake yanko reshe.

"Shi ya ɗaura, Malama," ya ce. "Abu na ƙarshe da ya ɗaura ke nan. Ni ba zan sa wuƙa a kai ba, kuma ba za a sa ina kallo ba."

"Baban Yaya, ba don su zauna ya ɗaura su ba."

"Na ji. A bar su tukuna."

Ta koma ciki. Auta ta same ta a kicin ta ce ita fa ba ta ga abin wahala ba, Baba yana fita sayen jarida su ɗauki reza su gama, in ya dawo ya yi fushinsa ya huce. Malama ta ce a'a. Ta san zai huce, amma ta san kuma ba zai sake zama a kujerar nan ba, kuma zaman nan shi ne abin da ke fito da shi daga ɗaki kowace safiya. Ba ta son ta ceci itatuwa ta rasa mutum. Ba ta kuma son ta zauna tana kallon aikin ɗanta yana mutuwa a tsaye saboda ƙauna. Kwanaki tana juya abin a ranta, tana maka jan biro a littattafan ɗalibai ba ta san abin da take karantawa ba.

Sai aka yi iskar farkon damina da rana tsaka. Da ta lafa suka fito suka tarar da guda biyu sun karye daidai wurin ɗaurin, kawunan suna reto, ganyen bai ko yi yaushi ba. Maigidan ya ɗaga ɗaya ya mayar da shi mazauninsa ya riƙe, kamar zai manne. Da ya saki ya sake faɗuwa. Ya shiga ɗaki, ranar bai ci abincin rana ba.

Washegari Malama tana wanke kofuna idonta ya sauka kan ƙusar jikin taga. Abin yana nan inda Auta ta rataye shi, ya yi ƙura, kullum tana ganinsa ba ta gan shi ba. Ta sauke shi ta juya a hannunta. Ƙullin yana nan daram, a juye, wutsiyarsa a cuse a ƙasa. Yankan a baya yake, miƙe, tsaf. Ta tuna yadda ya juya dashen kafin ya sa wuƙa.

Ta ɗora shi a faranti kusa da kofin shayin, ta kai wa maigidan a bayan gida. Ya ɗauki kofin, sannan ya ga abin. Ya sa tabarau, ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Ina kika samu wannan?"

"Shi ya cire shi da safiyar ranar, daga wancan babban. Ina tsaye a taga. Ta baya yake yankawa, ba ya taɓa ƙullin."

Ya dubi babban dashen da ke gefe. Wurin auren ya warke, sai ɗan tabo, ya fi sauran tsawo da kauri. Ya sake duban abin da ke hannunsa, ya daɗe, shayin yana hucewa.

"A birkice dai," ya ce a hankali.

"Bai taɓa kwancewa ba," in ji Malama.

Ya miƙe ya shiga ciki. Ta ji ƙarar makulli a ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya fito da wuƙar auren, wadda aka dawo musu da ita daga asibiti tare da agogo. Wuƙar ta bahago ce, gefe ɗaya aka wasa, ta ƙi zama a hannunsa na dama, ya yi ta juya ta. Ƙarshe ya mayar da ita hagu. Ya ce Malama ta riƙe masa gindin kada ya motsa, Auta kuma ta kawo gidan tabaransa, ta tsaya nan ta daina yi masa numfashi a kai. Na farko ya ɗauke shi lokaci, ya ɗan karci ɓawon. Auta ta ce da Yaya yana nan da ya kore shi daga aiki. Ya ce ta yi masa shiru, shi ya koya wa Yayan riƙe wuƙa. Ledar ta buɗe. A ƙarƙashinta jikin dashen fari ne, ya yi zurfi kamar sawun igiya, amma a manne yake. Ya ɗaga ƙullin da yatsu biyu ya sa a gidan tabarau. Kafin rana ta yi zafi sun gama layin.

Ba duka suka rayu ba. Wasu shaƙar ta riga ta yi musu yawa, suka bushe daga sama. Waɗanda suka tsira Kawu ya zo da baro ya kwashe da damina ta zauna. An dasa ɗaya a bakin tafki, 'yan taku kaɗan daga kututturen uwar, an kewaye shi da waya saboda yara. Sauran an rarraba su tsakanin rumfar makaɗa da kusurwar kudu, inda sai da aka kwashe baƙar ƙasar makanikai aka zuba sabuwa. Kawu ya so a kafa ɗan allo da sunan Yaya, mahaifin ya ce a bari, mangwaron ma ba a san sunan wanda ya dasa shi ba. Babban na gwaji ya zauna a gida, a gindin katanga.

Sauran kayan Yaya kuwa, Malama da Auta suka fitar a yini guda, mahaifin yana zaune a bakin gado yana cewa wannan a ba wane. Rigunan aiki da takalman roba aka mayar lambu, Kawu ya raba wa waɗanda suka yi wa daidai. Almakashin yankan reshe shi aka ba, ya karɓa da hannu biyu. Keken ya lanƙwashe ba ya gyaruwa, mai gadi ya roƙi ƙararrawar, ya ɗaura ta a ƙofar arewa. Littattafan kwaleji Malama ta kai ɗakin karatu na makarantarsu. Agogon Auta ta ɗauka, ta ƙara masa huda a maɗauri. Ledojin burodin da ya wanke ya yanka, dami guda a bayan ƙofa, ba wanda ya san yadda za a yi da su, sai Kawu ya ce a kawo, akwai lemun da za a aurar. Robar famfon mahaifin ya sa da kansa, da sufana, ya jiƙe rigarsa sharkaf, ɗigar ta tsaya. Wuƙar tana aljihun tebur a falo. Ƙullayen suna cikin gidan tabarau a kan rediyo, tabaran kuwa yanzu a aljihun riga yake yawo da su. Na farkon, wanda Yaya ya yanka da hannunsa, Malama ta mayar da shi kan ƙusar jikin taga.